Idon Hagu na Magaji Direba

Talata, bayan sallar asuba

Yau ne Naja'atu ta ce in je Birnin Kebbi ganin likitan ido. Ba ni zuwa. Ban ce ba ni zuwa har abada ba, na ce ba yau ba. Ana tsakiyar cire albasa, daga Aliero har Maiyama kowa na bisa hanya, tasha cike da fasinja. Sai in aje mota in tafi in wuni bisa benci don wani mai farar riga ya haska man fitila ga ido?

Ɗiyata ce. Da motar ga nike kai ta makarantar koyon aikin lafiya, yanzu in ta dawo gida sai ta rinƙa kallona kamar darasin da anka ba ta. Ita ta kawo man littafin ga, wai in rinƙa rubuta duk ranar da kaina ya yi ciwo, likita zai so sani. To ga shi na rubuta: kaina lahiya lau.

Talata, bayan la'asar

Jega zuwa Aliero, Aliero zuwa Jega, har na gaji da lodi. Ba fasinjan da ya koka. Wata tsohuwa ma albarka ta sa man, ta ce tuƙina ba ya girgiza mata ƙugu.

Laraba, hantsi

Shayi ya zube bisa tabarma. Matata Delu ce ta aje kofin inda ba a saba aje shi ba. Na tsiyaya, sai na ji ɗumi ga ƙafata.

Ta ce, "Malam, ai nan nike aje shi kullum."

Na ce ba nan ba ne.

Ta kawo tsumma ta goge, ba ta ƙara cewa komi ba. Da ta yi magana da ya fi man sauƙi.

Alhamis, bayan azahar

Na shiga tasha da safe ina haramar lodi, sai na ji an riƙo man hannun riga. Hamma ne, shugaban direbobinmu, wanda ya koya man riƙon sitiyari tun ban da gemu.

Ya ce, "Magaji, faɗa munka yi?"

Na ce, "Faɗan mi, Hamma?"

"Ina tsaye nan gefenka na yi maka sallama, na ɗaga maka hannu, ka wuce ni kamar turken fitila."

Na ce hankalina na ga tayar baya, tana shan iska. Ya ja ni ƙarƙashin rumfa, ya sa anka kawo ruwa, ya fara zagaye-zagayen da ya saba in zai faɗi abin da ba daɗi. Daga ƙarshe ya ce Naja'atu ta same shi gida.

Ashe har ta kai ga haka. Ɗiyar da na haifa ta kai ƙarata wurin manya.

Ga gaskiyar da ba su sani ba. Ran Lahadi da niyyar zuwa na kwana. Har rigar da zan sa na fitar. Da safe Naja'atu ta ce, "Baba, kada ka mance da Talata," da rana ta sake, da marece uwarta ta karɓa. Kafin Talata ta zo na ji duk duniya ba abin da na ƙi kamar asibitin nan. Mutum na shirin tashi da ƙafarshi, a zo a kama mashi hannu, ai sai ya koma ya zauna.

Na ce ma Hamma in an gama albasa zan je. Ya ce, "In an gama albasa sai azumi, in an gama azumi sai damina. Na san ka, Magaji."

Na ce tunda ya san ni, ya san ba a tura ni.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na zaga kasuwa. Na sayi tabarau wurin mai tebur, na gwada har na dace da wanda rubutu ke fitowa rangaɗau cikinshi. Na sayi kwalli mai kyau, mai shi ya ce yana wanke ido tas. Wanda duk ya ce ban yi komi ba bisa maganar ga, ya yi man ƙarya.

Naja'atu ta ɗauki tabarau ɗin ta juya shi, ta ce, "Baba, wanga na karatu ne. Ba shi ne matsalar ba."

Na ce ta aje man kayana.

Asabar, da marece

Na gyara ƙyauren madafa da ya karye tun damina. Na wanke mota ciki da waje. Na sake igiyar guga. Malalaci ba ya yin haka cikin wuni guda.

Lahadi, bayan la'asar

Madubin hagu ya tafi. A Maiyama ne, bakin kasuwa, amalanken albasa ya fito man ban san daga ina ba. Mai amalanken ya rantse tsaye yake tun kafin in iso. Kowa ya san masu amalanke da rantsuwa. Fasinjan da ke gaba ya kalle ni, ya kalli madubin yana reto. Da zai sauka Jega ya ce, "Allah ya tsare gaba, Direba."

Na sa anka ɗaura sabo kafin in shiga gida. Ba don ɓoyo ba. Mota ba madubi ba kyan gani.

Litinin, bayan asuba

Naja'atu ta sake samo man wuri gobe. Ta durƙusa ta gaya man, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon a bar ta zuwa biki. Na ce Allah ya kai mu.

Talata, hantsi

Akwai ɗaurin aure Giwa Tazo, tun makon jiya na yi ma mutane alkawarin kai su. Alkawari ba abin wasa ba ne. Asibiti ba gudu zai yi ba.

Talata, bayan magariba

An ɗaura lahiya. Kaina ya ɗan sara a hanyar dawowa, ta gefe guda, kuma fitilun motocin da ke tahowa duk sun yi zobe-zobe. Rana ce. Kowa ya wuni cikin ranar ga kanshi zai sara.

Laraba, azahar

Ba abin rubutawa.

Laraba, bayan magariba

Motar na gida. Na wanke gabanta da kaina, ban bari kowa ya taɓa ba.

Alhamis, bayan asuba

Ban fita ba.

Alhamis, la'asar

Mai keken da ya shigo gaban motar jiya, sunanshi Murtala. Mutumin Jiga Makera ne, manomin albasa, bai wuce Naja'atu da yawa ba ga shekaru. Ƙafa ce, ba kai ba, alhamdu lillahi. Ni na ɗauke shi da hannuna, ni da fasinjoji, munka kai shi gidan masu ɗori cikin Aliero. Ban gudu ba. A rubuta wannan, ban gudu ba. Da anka ja ƙafar ya yi ƙara, ni na riƙe mashi kafaɗa.

Danginshi mutanen kirki ne. Yayanshi ya ce ƙaddara ce, ba su kai magana ko'ina. Hamma ya zo ya tsaya anka yi abin da ya kamata.

Keke ba ya da hurumin tsallaka kwalta haka nan ba duba. Ko wa ke tuƙi ranar, haka za ta faru.

Juma'a, hantsi

Hamma ya zo gida. Bai karɓi tabarma ba, tsaye ya yi cikin zaure.

Ya ce, "Na koma wurin jiya da marece."

Na ce, "Neman mi?"

"Na duba kwaltar. Ba sawun birki, Magaji. Ko kaɗan. Sai bayan wurin."

Na ce tayoyina sababbi ne, ba su barin sawu. Ya dube ni irin duban da yake man sa'ad da nike yaro in na saka giyar da ba ita ba.

Ya ce, "Ka huta kwana biyu. Na cire ka daga layi."

"Da izinin wa?"

"Da izinin wanda ya koya maka."

Na ɗauka zai nemi makulli. Na riga na dunƙule shi cikin aljihu, na shirya abin da zan gaya mashi. Bai nema ba. Ya sa takalminshi ya tafi, ya bar ni da maganar cikin baki.

Asabar, bayan azahar

Delu ta yi farfesun kaza ta zuba cikin kula, wai in kai ma Murtala. Na ce gobe, yau jikina ba daɗi. Ta ce kaza ba ta jiran gobe cikin zafin ga. Ta yafa mayafi, ita da Naja'atu sunka tafi tasha sunka shiga motar wani.

Matar direba cikin motar wani. Duk tasha sun gani.

Lahadi, da marece

Gobe zan je duba shi. Mara lahiya na son hutu, ba a cika mashi ɗaki.

Litinin, da marece

Gobe.

Talata, bayan asuba

Ba wanda ya ambaci asibiti yau. Naja'atu ta gaishe ni ta wuce makaranta. Na zauna ina jiran ta faɗa don in ba ta amsa, ba ta faɗa ba.

Tun jiya Baba ke faɗo man a rai, Allah ya jiƙanshi. Malam Waliyyu. Mahauci ne, duk Jega Firchin ba wanda ya kai shi iya fiɗa. In ya tsaya bakin rumfarshi ya yi gyaran murya, yaran kasuwa shiru suke. Nashi ma da kaɗan-kaɗan ya fara. Ya yanke yatsa sau ɗaya, ya sake, sannan wata rana wani mai duba ido ya zo gari ya faɗi kalmar a gaban mutane. Daga ranar sunanshi ya ɓace. Ba a ƙara cewa Malam Waliyyu ba, sai wancan sunan. Baƙo zai shigo, Baba na zaune, ya dube ni ya ce, "Ya ci abinci kuwa?" Kamar kunnen ne ya tafi. Kamar mutumin ne ya tafi.

Ni ke riƙe mashi sanda zuwa masallaci.

Ranar da mai duba idon nan bai zo ba tukuna, Baba mahauci ne mai ɗan ciwon ido. Washegari ya zama abin da sunka ce. Idon bai canza ba tsakanin kwanakin nan biyu. Faɗar ce ta canza komi.

To ni ba wanda ya faɗa tukuna. Ni Magaji Direba ne.

Laraba, hantsi

Na tashi da niyyar fita. Tasha ba ta Hamma ba ce shi kaɗai, kuma ko ya hana ni layi bai hana ni bakin hanya ba. Fasinja na nan tsaye ko'ina daga nan har Maiyama.

Na tada mota tana ɗumi, na koma ɗaki ɗauko hula. Ina dawowa na tarar da Delu zaune gidan gaba, ta ja ƙofa ta rufe, hannuwanta bisa cinya, ko takalmin fita ba ta sa ba.

Na ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Inda za ka."

"Fito, Delu. Aiki za ni."

"Ai ban hana ka ba, Malam. Kai ka ce kana ganin hanya. In kana gani, ba abin da zai same ni. Mu tahi."

Na daka mata tsawa har maƙwabta sunka leƙo. Ba ta ko motsa ba. Ina cikin haka Naja'atu ta fito da jakar makaranta, ta buɗe baya ta shiga, ta ce, "Baba, a aje ni bakin makaranta."

Na zauna. Na kama sitiyari. Na saka giya.

Injin na wani ƙara da ban gane ba, kamar bel ya saki. Ba a fita da mota haka. Na kashe ta.

Laraba, la'asar

Ba don su na kashe ta ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je Aliero. Bayan mashin na hau, don kada in shiga tasha.

Murtala na kwance cikin wani ɗaki mai sanyi, ƙafar ɗaure da karare, an tokare ta da buhun yashi. Ya rame. Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi, na ce ya kwanta.

"Baba Magaji, sannu da zuwa. Inna Delu ta ce ba ka jin daɗi."

"Na ji sauƙi. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Dare ne kawai ba ta bari in runtsa."

Munka taɓa hira. Albasarshi ta isa cira, tana ƙasa, yayanshi na fama da tashi gonar. Ya ce ba ƙafar ke cin ranshi ba kamar albasar. Can ya yi dariya ya ce shi ma da nashi laifin, birkin keken ya lalace tun kaka, da ƙafa yake tsayawa.

Na ce, "Mi ya hana ka gyarawa?"

Ya ce, "Kullum sai in ce ran kasuwa. Gaskiya tsoro nike in kai ma mai gyara ya ce keken duka ya mutu."

Na ce a raina, to ga ta nan, keke ba birki, bakin mai shi ya faɗa. Har na fara tsara yadda zan gaya ma Hamma.

Na miƙe zan yi sallama, sai ya ce ma ƙanenshi ya ba mu wuri. Da ɗakin ya rage mu biyu, ya rage murya.

"Baba, ban gaya ma kowa ba. Amma ranar ban faɗo maka kwatsam ba. Na hango ka tun daga nesa. Sarƙa ta zame man tsakiyar kwalta, na sa ƙafa ƙasa na tsaya, na ɗaga maka hannu. Rana tsaka, ba mota gabanka. Ina ta ɗaga hannu. Fuskarka na kallon gaba kamar ba kowa."

Na ce rana ce ta haske man gilashi.

Ya ce, "To, Baba." Sannan ya ce, "Ni na yahe, har ga Allah. Amma ɗiyana biyu nan wurin suke tsallakawa zuwa makaranta. In na tashi na gan ka riƙe da sitiyari ba ka nemi magani ba, zan faɗa. Kada ka ce na ci amanarka."

Yaron da na girme ma ubanshi. Na sa takalmina na fito. Na manta ma ledar lemun da na kawo tana hannuna, sai da na iso Jega na gan ta.

Juma'a, bayan asuba

Rana ce ta haske gilashin.

Juma'a, bayan la'asar

Ya ce da bakinshi keken ba birki. Amma ya ce tsaye yake. Wanda ke tsaye mi zai yi da birki.

Asabar, azahar

Akwai abin da ban taɓa yi ba tun da abin ga ya fara, kuma ba wuya gare shi. Yaro ƙarami na iya yin shi. Naja'atu ta sha cewa in gwada, ina ce mata ni ba abin wasanta ba ne.

Ɗazu ina zaune gindin darbejiya, Delu na tsakar gida tana tankaɗe, zanenta ja. Ba kowa kusa. Na ɗaga tafin hannu na rufe idon dama.

Na san abin da zan tarar. Shi ya sa ban taɓa gwadawa ba.

Ina jin ƙarar rariya. Ina jin tana 'yar waƙarta. Na juya kai ko'ina ina neman jan zanen.

Na sauke hannu, ga ta nan inda take.

Asabar, magariba

Ban ci tuwo ba. Na ce yaji ya yi yawa.

Litinin, hantsi, Birnin Kebbi

Ban gaya ma kowa ba. Ba wanda ya aike ni, ba wanda ya raka ni, ba wanda zai ce shi ya sa. Na fita kamar za ni masallaci, na tari mota bakin hanya, ta mutanen Koko, direban bai san ni ba. Kujerar baya na samu, tsakanin buhu da wani mai barci. Tun da na fara tuƙi ban zauna baya ba. Yaron na da gaggawa, yana shiga kwana ba rage wuta. Na yi mashi magana ya ce, "Baba, ka taɓa tuƙi ne?" Na ce ya kalli gabanshi.

Na iso asibitin, na bi layi, na kai ga taga. Matar da ke wurin ta ce likitan ido sai Talata. "Ka dawo gobe, Baba."

Na yi dariya har ta ɗago kai. Ashe su ma sun iya.

Litinin, bayan la'asar

Ban koma Jega ba. Na san kaina. In na koma na kwana bisa gadona, gobe zan tashi in tarar da ƙyauren da ke son gyara. Na nemi gidan wani tsohon abokin tasha na sauka.

Na buga ma Delu waya don kada ta tada gari. Na ce ina Birnin Kebbi, wani aiki ya kawo ni. Na ji numfashinta cikin wayar. Ta ce, "Allah ya ba da sa'ar aikin, Malam." Ba ta tambayi ko wane aiki ba ne.

Talata, bayan azahar

Mace ce likitar, ba ta da yawan magana. Ta sa na aza haɓa bisa wani ƙarfe, ta haska, ta ɗiga, ta auna. Ta sa na rinƙa danna wani abu duk sa'ad da na ga ɗigon haske. Da idon dama na danna da dama. Da anka koma na hagu na zauna riƙe da abin kamar wawa, har na danna sau ɗaya don kunya. Ta ce, "Baba, ban kunna ba tukuna."

Ta ce ruwan cikin ido ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya, abin da mutane ke kira hawan jinin ido. Ta tambaya ko akwai mai shi cikin dangi. Na ce akwai.

"Tun yaushe ka fara lura?"

Na ce kwanan nan. Ta aje alƙalami tana jira. Na ce tun daminar waccan, ba wadda ta wuce ba.

Ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Likita, kada ki ce man da na zo da wuri. Na sani. Gaya man abin da ya rage."

Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ya fara cinyewa ta gefe, amma tsakiyar na nan, kuma ana iya riƙe shi in ban yi wasa da magani ba, safe da marece, har iyakar rai. Ta ce in kawo Naja'atu da ƙannenta a auna su.

Na ce, "Tuƙi fa?"

Ta ce, "Kai ma ka san amsar, Baba."

Ba ta faɗi kalmar nan ba. Na kasa kunne ina jiranta har na fito, ba ta faɗa ba. Ta rubuta Magaji Waliyyu bisa kati, ta ce in dawo bayan wata.

Laraba, hantsi

Na je tasha da ƙafata, ta babbar ƙofa, lokacin da kowa ke nan. Na aje makulli gaban Hamma. Na ce a nemo direba, amma ni zan zaɓe shi, ni zan zauna gefenshi in ga yadda yake shiga kwana, kuma sawun farko Jiga Makera za ta, akwai albasar da za a kwaso. Na ce duk wanda ya kira ni da wani suna ban da nawa, idon dama ya ishe ni in gane shi.

Ba wanda ya yi dariya. Hamma ya matsa man wuri bisa benci, ya ce, "Zauna, Magaji, ka tsare man layin Aliero, yaran ga sun fi ƙarfina."

Na ce zan duba in ina da lokaci.

Laraba, bayan la'asar

Maganin 'yar ƙaramar kwalba ce, ba ta kai babban yatsa ba. Naja'atu ta ce ta ɗiga man, na ce ta tafi karatunta. Delu ta ce ta ɗiga man, na ce ni ba jinjiri ba ne.

Na zauna bakin gado na ɗaga kai. Ɗigon farko ya sauka bisa gira. Na biyu bisa kunci. Na uku ya shiga na dama, da zafi kamar barkono. Delu na tsaye bakin ƙofa, na ji ta matso.

Ta ce, "Malam, fuskarka ta jiƙe."

Na ce, "Magani ne."

Ta ce, "Ai ba ka kai ga na hagun ba tukuna, kuma shi ke zubar da ruwa."

Na ce ta rage surutu ta zo ta riƙe man fatar idon, tunda ta iya gani. Ta karɓi kwalbar. Yatsunta na ƙanshin daddawa. Ta ce in kalli sama, na kalla. Ta ɗiga.

Ban ƙifta ba.